Azumin da Muka Bi Naƙali Har Rabah

Bana azumi ya sake faɗowa a bakin damina. Karo na uku ke nan da na ga haka a rayuwata, kuma ban sa ran ganin na huɗu ba. Ruwa ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, ga wani zafi mai ɗanko da ke manna wa mutum zane a jiki. A cikin wannan zafin jikata Rukayya ta dawo daga jami'a, ta baje a ɗakina da kwamfutarta tana ta ƙunƙuni. Malaminta ya dawo mata da aikinta. Abin da ta rubuta bai yi masa laifi ba, jerin manazartan da ke ƙarshe ne bai gamshe shi ba. Yana son sunan kowane marubuci, da shekara, da shafi. Wanda ta samo a intanet kuma ta sa adireshinsa da ranar da ta gani.

Ta ce, "Inna, har ranar da nib buɗe shahin wai sai na rubuta. Don Allah wa za shi tahi shi duba?"

Na ce, "Ni nit tahi. Da ƙahwata, da azumi ga bakina."

Ta ɗago kai tana kallona, tana zaton tsufa ne ya fara taɓa ni.

Zamanin Turawa ne, ina amarya ta shekara biyu. Sunana Hajo. Mahaifina malamin unguwarmu ne a Wurno, mutane na zuwa masa da tambayar gado da ta aure da ta ibada. Idanunsa sun fara yana tun ina yarinya, har ya kai ba ya ganin baƙi sai dai inuwar takarda. 'Ya'yansa maza sun rasu da ƙuruciya, don haka ni ya koya wa rubutu, na zama idonsa da hannunsa. Da aka aurar da ni ma ban yi nisa ba. Maigidana ɗalibinsa ne, katanga ɗaya ta raba gidajen, kuma shi ke noma gonarmu da ta Baba gaba ɗaya. Ba zan faɗi sunansa ba. Ban faɗa yana raye ba, ba kuwa zan fara yanzu don takarda ba.

Baba yana da kundi, tarin warƙoƙi a cikin gafakar fata. Duk littafin da ya aro a wurin wani malami, sai in karanta masa, in ya ji mas'alar da yake so ya ce in ɗauke masa. Wannan shi ake kira naƙali, kuma yana da doka a gidanmu. A kansa za ki rubuta wanda ya faɗa, da sunan littafin, da babi, da fasali. Littattafanmu na hannu ba su da lambar shafi irin na yanzu, da babi ake nemo magana. Inda maganar mai littafi ta ƙare ki sa "intaha", wato ta ƙare, don kada taki ta cuɗanya da tasa. A gefe kuma ki rubuta a hannun wa aka aro littafin, a wane gari. Baba kan ce kwafi biyu na littafi ɗaya ba sa zama daidai, dole a san wanne aka gani. Ni dai a lokacin gani nake tsirfa ce ta tsofaffi, musamman da takarda ta yi wuya. Tun bayan yaƙin Turawa takardar nan mai kauri, mai hoton wata uku in an ɗaga ta a rana, ta ɓace a kasuwa. Warƙa ɗaya sai mu cika ta ciki da baya, har gefen da yatsa ke riƙewa.

Daminar da ta gabata ta yanke da wuri, gero ya yi kai babu ƙwaya. Kafin bazara ta raba rumbunmu ya koma sai an shiga ciki da tsintsiya. Muka koma tafasa da yaɗiya, da kwaɗon zogale ba ƙuli. Mata na tafiya fadama tonon bado, a shanya, a daka, a tuƙa wani abu mai launin toka a kira shi tuwo don a girmama shi. Dusar da a da awaki ke yi wa yanga, mu muka zauna muna tankaɗe ta sau biyu. Yara suka daina wasa a ƙofar gida, sai su zauna a inuwa suna tsotsar aduwa.

Ruwa ya makara, bai sauka ba sai tsakiyar Sha'aban. Ranar da ya zo kowa ya fita. Irin da aka ɓoye a tulu aka liƙe bakinsa da laka don kada yunwa ta sa a ci, shi aka fasa. Aka yi shuka kwana uku, ta fito kyakkyawa, ciyawa ma ta fito tare da ita, har ta fi ta sauri. Ranar da aka ga watan azumi, ranar noman firi ya kama. Wanda ya san gero ya san noman farko ba ya jiran kowa. In ka bar shi kwana goma, harƙiya ta shaƙe shukar, shekara ta biyu ta yunwa ta tabbata.

Sahur ɗinmu kunun tsamiya ne mai ruwa-ruwa, ludayi huɗu ga namiji. Da shi maigidana ke fita bayan asuba da hauya a kafaɗa. Zafin wannan lokacin ya bambanta da na bazara. Ƙasa jiƙaƙƙiya ce, rana na dukan ta, tururi na tasowa yana shiga hanci, zufa na zuba kamar an kwara wa mutum ruwa. In ya dawo da la'asar ba ya iya magana, sai ya kwanta a ƙasan zaure ya manna ƙirjinsa da sanyin daɓe. Ina kallon ƙasusuwan bayansa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ran shida ga wata aka kawo shi a kan jaki. Ya faɗi a tsakiyar kunya, maƙwabcin gona ne ya tsince shi. Da ya farfaɗo aka kawo ruwa, ya kawar da kai, ya ce rana ba ta faɗi ba.

Ba shi kaɗai ba ne, mutum uku suka faɗi a unguwarmu a kwana biyu. Washegari manoma suka taru a zauren Baba, Liman Dikko na gabansu. Liman tsoho ne mai sanyin murya, abokin karatun Baba tun suna samari. Tambayarsu ɗaya ce: ko akwai sauƙi ga mai noma ya sha ruwa da rana ya rama daga baya?

Baba ya ce yana tuna ya ji wani abu mai kama da haka bara, kuma ya sa an ɗauke. Ya kira ni. Na zauna bayan ƙofar zaure inda ba a ganina, na buɗe gafaka, na yi ta juya warƙoƙi har na same shi. Layi biyu ne a ƙasan wata tsohuwar warƙa. Na karanta da ƙarfi, Baba ya fassara: manomin da ya ji tsoron lalacewar amfaninsa, ya halatta gare shi ya sha. Na ji zauren ya ɗauki numfashi, wani har ya fara hamdala.

Liman ya ce, "Madalla. Wa yah hwaɗa, ɗiyata? Cikin wane littahi?"

Na duba saman layin, babu komai. Na duba gefe, babu. Ƙarshensa ma babu intaha. Nan take na tuna abin da na yi. Wurin da ya rage a warƙar bai fi faɗin yatsu uku ba, na ƙi ɓata sabuwa, na ɗauke tsokar maganar na bar sauran, na ce ai zan tuna. Ga shi ana tambaya, kaina wayam.

Baba ya ce, "Hajo, Liman na tambaya."

Na ce, "Baba, ban rubuta ba."

Baba bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa. Ya ce wa mutane su yi haƙuri, abin da suka ji su ɗauka ba su ji ba, kowa ya riƙe azuminsa har a gano mai maganar. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya, ina jin jan ƙafarsu.

Da ya shigo gida na tare shi ina kuka. Na ce, "Wallahi Baba da idona nig gani, ba ƙirƙira niy yi ba."

Ya ce, "Na yarda da idonki. Amma azumin mutane na, Hajo, ba nawa ba. In Allah yat tambaye ni wa yab ba ni izni in buɗe bakin unguwa guda, in ce mishi mi? In ce ɗiyata ta gani wani wuri?"

Na ce, "To in wani yam mutu hwa?"

Baba ya lalubi bango ya shiga ɗakinsa. Na ji haushinsa ranar, ba zan ɓoye ba. Na ji haushin Liman da tambayarsa, na fi jin haushin kaina. Mijina na kwance a bayan katanga yana shirin komawa gona gobe, kuma abin da ya tsaya tsakaninsa da ruwa rowar takardar da na yi ce.

Littattafai uku muka aro bara, ɗaya daga Achida, ɗaya daga Goronyo, ɗaya daga Rabah, kowanne ya koma ga mai shi. Baba ya ce za a aika wa duka ukun. Na lissafa a raina: kafin ɗan aike ya je, malami ya samu sukunin bincike, amsa ta dawo, mako ya wuce, ciyawa ta gama aikinta. Na kwashe warƙoƙin kundin gaba ɗaya na baje su a tabarma a tsakar gida, ina kallonsu ba tare da na san abin da nake nema ba.

Tawadar ce ta cece ni. Ni ke haɗa ta, da bagaruwa da kashin maƙera da ƙaro. Akwai wani haɗi da na yi bara ƙaro ya yi min kaɗan, ta fito ja-ja, tana koɗewa, Baba har ya yi min tsiya wai ko shi makaho ya ji ƙamshin ha'inci. Kwana kaɗan na yi amfani da ita na zubar. Layukan nan biyu da ita aka rubuta su. Na bi warƙoƙin ɗaya bayan ɗaya har na sami naƙali biyu masu irin wannan launin, kuma su da kansu da gefensu cif: wani babban sharhin fiƙihu, aron Modibbo na Rabah.

Baba ya saurare ni har na gama, ya ce, "Wanga zato na, ba hujja ba. Amma zato mai ƙahwa. A ɗaura ma jaki akumari."

Maigidana ya ba ni izini daga kwance. Muka fita bayan sallar asuba, Baba a kan jaki, ni a ƙasa riƙe da igiya, gafaka a bayana kamar goyo. Rabah ba ta kai nisan da matafiyi ke ajiye azumi ba, Baba ya tabbatar min da haka tun kafin in tambaya. Yanzu yaran nan na hawa kabu-kabu su je su dawo kafin tuwo ya nuna. Mu kuwa hanya ce ta ƙafa, ta bi ta gonaki da kwazazzabai, inda ruwa ya kwanta laka ta kama ƙafar jaki sai na tura shi ta baya. Ko'ina muka wuce mutane ne sunkuye a gona, suna sara ɗaya su huta biyu. Da hantsi ya ɗaga harshena ya zama kamar guntun fata a bakina. Wajen azahar na fara ganin wasu baƙaƙen ɗigo suna yawo a gabana. Baba ya ce in hau jakin shi ya taka, na ƙi. Ya ce taurin kan nan a wurin uwata na gado shi, na ce ai ba a Rabah aka haifi uwata ba balle ya kai ƙara.

Modibbo tsoho ne ƙanƙane mai yawan dariya. Da ya ji abin da ya kawo mu ya daina dariyar, ya ce su ma tambayar da ke gabansu ke nan, kuma shi bai tuna wannan magana a littafinsa ba. Ya sa aka fito da sharhin, gafaka huɗu, aka kai ni ɗakin uwargidansa da wadda babin azumi ke ciki. Warƙoƙin a sake suke, ba ɗinki, kuma wani da ya ara bayanmu ya hargitsa su. Abin da ke haɗa warƙa da 'yar'uwarta kalma ɗaya ce da mai kwafi ke rubutawa a can ƙasa, wadda za ta buɗe warƙa ta gaba. Da ita na yi ta bi ina jerawa, ina goge zufa da gefen mayafi don kada ta ɗiga a littafin mutane.

Na karanta babin azumi daga farko har ƙarshe. Mara lafiya na nan, matafiyi na nan, mai ciki da mai shayarwa na nan. Manomi babu. Na sake bi, babu. Na ajiye warƙar na zauna, na ce shi ke nan, na jawo makaho tafiyar yini a banza, gobe kuma sai Goronyo. Uwargidan Modibbo ta ce in ɗan kishingiɗa. Da na kwanta a gefe, idona na kan warƙar da ke tabarma, sai na tuna wuyana. Ranar da na ɗauki naƙalin nan wuyana ya yi ciwo, don a karkace na karanta shi. Na tashi zumbur na koma fasalin mai shayarwa, na juya warƙar a kaikaice. Ga shi nan a gefe, da ƙananan baƙaƙe, wani malamin zamanin da ne ya ƙara shi, da sunan wanda ya faɗa da littafin da ya ɗauko, komai a wurinsa.

Layi biyar ne, ba biyu ba.

Aka kai wa Modibbo a zaure ya karanta da ƙarfi, ina bayan ƙofa. Layukan da na yanke sharaɗi ne. Manomi zai kwana da niyyar azumi, ya wayi gari da shi, ya fita aikinsa. Sai in wahala ta tsananta masa a gonar sannan ya sha gwargwadon abin da zai tsayar da shi, ya rama bayan salla. Wanda ya tashi da safe ya ce yau ba zai yi ba don yana da noma, wannan ya ɓata azuminsa da gangan. Da an bi layukana biyu yadda suke, da rabin unguwa sun wayi gari suna cin abinci da sunan Baba.

Baba ya ce, "Allah shi saka ma Dikko da alheri da yat tambaya."

Ni kuwa sanyi ne ya sauko min tun daga ka har tafin ƙafa, kunya da sauƙi a haɗe, ban san wanda ya fi yawa ba. Modibbo ya miƙo sabuwar warƙa fil ta bayan ƙofa, mai wata uku, ya ce, "Amshi, ɗiyata. Wagga kyauta ta, kada ki yi mata rowa." Na rubuta naƙalin cikakke, da kai da gefe da ƙarshe. Muka yi muƙabala, ina karanta nawa yana bin nasa da yatsa, kalma da kalma. Ya sa hannu a ƙasa cewa ya gani ya dace. Muka sha ruwa a gidansa da kunu da 'yan dabino uku da ya ɓoye don baƙi, muka kwana.

Da asuba muka juyo. Bayan azahar muka shiga Wurno, kai tsaye zauren Liman. Ya karɓi warƙar ya kai ta kusa da idonsa, ya karanta sau biyu, ya ce a kira ladan ya zaga unguwa da gonaki ya faɗa wa mutane, da sharaɗin gaba ɗaya. Ban jira ladan ba. Na shiga gida na cika gora a randa, na fita ko mayafi ban gyara ba. Matan aure irina ba sa zuwa gona, amma wadda ta taka har Rabah ba wanda ya tsayar da ita.

Na same shi a ƙarshen gonar Baba, ya durƙusa a kan gwiwa yana noma a haka don tsayuwa ta gagare shi. Leɓɓansa sun farfashe, sun yi fari. Na miƙa masa gorar na ce ya sha, an samu.

Ya kalli gorar, ya kalle ni. Da wata murya da ƙyar take fita ya ce, "Wa yac ce?"

Ɗalibin Baba ne, me nake tsammani? Na tsaya a cikin ranar nan, ƙafafuna duk laka, na karanto masa sunan mai maganar, da littafinsa, da gefen sharhin da aka same shi, da babi, da fasali, da hannun Modibbo na Rabah. Na faɗa masa sharaɗin. Na ce, "Ka kwana da niyya?"

Ya ce, "Na kwana."

Na ce, "Wahala ta kai ma?"

Ya buɗe baki zai ce a'a, na san shi. Sai ya dubi hannunsa a kan ƙotar hauya, yana karkarwa shi kaɗai. Ya saki hauyar ya karɓi gorar da hannu biyu, ya yi bisimilla. Na riƙe masa gindinta don kada ta zube. Ina jin ruwan yana wucewa a maƙogwaronsa, ƙwat, ƙwat, ina kuka ba na ko sharewa. Na haura tamanin yanzu, na ji kukan fari na 'ya'ya bakwai, ban ji sautin da ya kai wannan daɗi a kunnena ba.